Tiyatar gyaran mazaunai bayan cire ciwon daji: aikin magani ne, ba na kwalliya ba

A 'yan shekarun nan, da zarar an ce "tiyatar mazaunai", hankalin mutane kan tafi ga matan da ke zuwa a ƙara musu girman jiki, da labaran waɗanda suka rasa rayukansu a wajen. Wannan surutu ya rufe wasu marasa lafiya da ba a jin ɗuriyarsu: waɗanda aka yanke musu ciwon daji a ɗuwawu, aka bar rami wanda wani lokaci ya fi tafin hannu biyu faɗi.

Ciwon da ke kai mutum ga haka yakan zama sarkoma, wato dajin tsoka da naman jiki, ko kuma dajin fata da ke tasowa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya ƙi warkewa shekara da shekaru. Kunya takan sa a ɓoye ƙari a wannan wuri, a kai wa wanzami ya tsaga, ko a ce maruru ne. Kafin a zo asibiti ya girma. Dole ne kuma likita ya haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye ya cire, domin in an bar saura ciwon zai dawo.

Daga nan ne matsalar rufewa ke farawa. Dashen siririyar fata da aka sheme daga cinya yana da sauƙi, amma ba ya jure zama, kuma ba ya jure gashin da ake yi wa masu ciwon daji. Wurin yana kusa da dubura, ga babbar jijiyar da ke sauka ƙafa tana bi ta nan. Saboda haka likitocin gyaran jiki kan juyo da fata mai kauri tare da kitsenta da jijiyar jinin da ke ciyar da ita, daga bayan cinya, gefen cinya, ko ragowar mazaunin. Idan ramin ya yi yawa, akan ɗauko tsoka daga baya, a ɗinke ƙananan jijiyoyin jini ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wannan na ƙarshe yana cin awanni, kuma ba kowane asibitin koyarwa ke yin sa ba. Wani lokaci sai an karkatar da hanji ta ciki na ɗan lokaci don kada bayan gida ya ɓata ɗinkin.

A nan ne tsarinmu ke da giɓi. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Mai sarkoma ba ya cikin wannan jeri. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, amma yawancin iyalai har yanzu daga aljihu suke biya. Sai ka ga an sayar da gona an biya kuɗin cirewa, da aka zo maganar rufewa kuɗi sun ƙare, ko dangi su ce ai wannan ƙari ne na gyaran jiki kawai. A ganinmu wannan kuskure ne mai tsada. Buɗaɗɗen miki yana jinkirta gashi, jinkirin kuma yana ba ciwon damar dawowa.

Don haka kafin ku sa hannu a takardar tiyata, ku tambaya: an ɗauki ɗan yanki an gwada? An yi hoton MRI? Wa zai rufe wurin, kuma a rana ɗaya za a yi? A haɗa kuɗin duka biyun tun farko. Majinyaci ya bar taba, a daidaita masa suga, ya samu ƙwai, wake da nama, ya kuma shirya kwanciyar rubda ciki ko ta gefe na wasu makonni ba tare da zama ba.

Duk ƙarin da ya kai santimita 5, ko yake girma, ko yake can cikin tsoka, kada a bari kowa ya tsaga shi kafin likita ya gani.