Karkarwar Giya: Ciwon Motar da Bai Kamata a Raina ba a Hanyar Gatawa

A wannan mako filin namu zai ajiye siyasa ya leƙa gareji, domin akwai wata magana da ta shafi rayuka wadda ba kasafai ake kawo ta a shafukan jarida ba. Magana ce a kan motocin a-kori-kura masu giyar atomatik, irin su Hilux da Ford Ranger, da wata karkarwa da sukan soma yi, wadda direbobi da yawa ke ɗauka halin mota ne kawai.

A Kano ko cikin birnin Sakkwato, lalacewar mota ɓacin rai ne da asarar yini. A ƙasar Gobir kuwa, tsakanin Goronyo da Sabon Birni da Gatawa da Isa, lamarin ya wuce haka. A watan Disambar 2021 aka ƙona matafiya a cikin motarsu a wannan yanki. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana dawowa daga Sakkwato, a watan Agusta kuma labarin rasuwarsa a hannun 'yan bindiga ya girgiza ƙasa. Allah Ya jiƙansu. Ba lalacewar mota ce ta jawo waɗannan musibu ba, amma sun isa su nuna irin hanyar da ake magana a kanta. Hanya ce da babu mai son ya tsaya buɗe bonet a cikinta, ko ɗan kasuwa ne, ko mai ɗauke da mai naƙuda, ko jami'in sintiri.

Abin da ya ƙara wa atomatik nauyi shi ne, ba a tura ta ta tashi kamar mai giyar hannu. Kuma idan aka ja ta tafiya mai nisa da tayoyin baya a ƙasa ba tare da an cire farfela ba, ana iya ƙarasa akwatin giyar, domin famfon da ke zagaya da mai a cikinsa sai inji na aiki yake aiki.

To, mece ce wannan karkarwa? Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani ƙarfe mai siffar ƙwarya biyu da aka kife, cike da mai, wanda kanikawa ke kira kwanbata. Shi ne ke madadin kulocin ƙafa: inji ya juya mai, mai ya juya giya. Idan mota ta miƙe hanya, wani ɗan kuloci da ke cikin kwanbatar yakan kama, ya haɗe inji da giya kai tsaye domin a rage shan mai da zafi. Kamun nan yana bukatar man giya mai daidaitaccen santsi. Idan man ya tsufa, ko ya ƙone, ko ruwa ya shige shi, ko kuma ba irin nasa aka zuba ba, sai kulocin ya riƙa kamawa yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Direba zai ji kamar ya hau burji mai gargada alhali yana kan kwalta sumul, galibi a gudun kilomita 50 zuwa 80, yana taka totur a hankali ko yana hawa ɗan tudu.

Sai dai ba kowace jijjiga ce ta giya ba, kuma a nan ake yi wa mutane asara. Idan jijjigar tana cikin sitiyari, tana ƙaruwa da gudu ko an taka totur ko an saki, a fara duba tayoyi da rim. Idan ana jin ta a ƙarƙashin kujera, tare da ƙara lokacin tashi, a duba farfela da mahaɗanta. Idan inji ne ke cijewa, har a tsaye yana rawa, a tuhumi fulogi da kwayil, ko nozul a motar dizal, ko gurɓataccen man da aka saya wajen 'yan bumburutu. Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a bakin gari, inda babu cunkoso: da zarar karkarwar ta soma, a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawar da za ta kunna fitilar birki kawai. A motoci da yawa wannan yakan sa kulocin kwanbata ya saki. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, an kama ɓarawo. Bayan haka a sa kwamfutar binciken mota ta tabbatar, kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Shi kansa man yana ba da labari. Galibi lafiyayyensa ja ne garau. Idan ya koma baƙi yana ƙaurin ƙuna, zafi ya cinye shi. Idan ya yi kamar an dama madara a ciki, ruwa ya shiga, ko dai ta bututun sanyaya shi da ke ratsa lagireto, ko ta hancin numfashin akwatin giya yayin ƙetare ruwa. Wanda ya san yadda fadamun Gulbin Rima ke cika da damina ya san wannan ba baƙon abu ba ne. A haɗa da zafin bazara da kan haura digiri 40, da yashi, da lodin da ya ninka ƙarfin mota, za a ga cewa man giya a Gatawa ba zai yi kwanan da yake yi a Turai ba.

Magani matakai ne. Na farko, a canza man da ainihin wanda littafin motar ya ambata. Toyota tana da irin nata, kamar WS, Ford ma tana da Mercon LV, kuma ba su zama ɗaya ba don launinsu ya yi kama. Na biyu, a sani cewa buɗe notin ƙasa ba ya fitar da ko rabin man, saura yana cikin kwanbata. Don haka akan zubar a cika, a yi tafiya, a sake, har sau biyu ko uku, tare da canza matata da wanke farantin ƙasa. Na uku, yawancin sababbin motoci ba su da sandar awon man giya, akwai ƙayyadadden zafi da ake auna shi a kai, kuma ƙarancinsa da yawansa duk illa ne. Idan aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe a faranti, ko karkarwar ta dawo bayan kwanaki, to kulocin ya cinye, sai canjin kwanbata.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne mai. A Amurka, motocin a-kori-kura na kamfanin General Motors masu giya takwas, ƙirar 2015 zuwa 2019, sun yi fama da irin wannan karkarwa har magana ta kai kotu, kuma gyaran da kamfanin ya umarci dilolinsa da shi shi ne a fitar da tsohon man a zuba wani iri dabam. Idan kamfanin da ya ƙera mota zai sha wuya saboda mai, ina ga wanda ya sayi galan marar asali don ya fi sauƙin kuɗi? Araha dai ba ta ado.

A nan ne maganar ta koma kan hukuma. Gwamnatocinmu sun iya bikin raba motocin sintiri da na asibiti, amma ba kasafai ake jin an ware kuɗin kula da su ba. Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2024, motocin irin waɗannan rundunoni kuwa suna cikin masu shan wuya a hanya. Ya dace kowace mota ta gwamnati ta kasance da littafin tarihin gyaranta, kuma kafin a sayi atomatik domin ƙauye a tambayi wa zai gyara ta. Ya dace hukumar NADDC da kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su haɗa hannu da ƙungiyar kanikawa ta NATA, a horar da matasan Sabon Birni da Isa, a ba su na'urorin bincike, domin kada kowace matsalar giya ta zama tafiya zuwa Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano. Hukumar SON kuma ta sa ido a kan jabun man giya kamar yadda ake magana a kan jabun baƙin mai.

Direba kuwa, ranar da ka fara jin karkarwar nan ita ce ranar zuwa gareji. Giyar da ke rawa yau tana iya kulle kanta a giya ɗaya gobe, a wurin da ba ka zaɓa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.