Ɓarayin Da Ba Su Haura Katanga

A zamanin En'e ma'aji ya kan kulle kuɗin haraji cikin akwatin ƙarfe, ɗan doka ya kwana a bakin baitulmali, shi ke nan. Yau kuwa ɗan tireda a Gwarzo, ko mai sayar da taki a Garo ta ƙasar Kabo, cikin waya dukiyarsa ta ke kwana. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki mai yawa ya koma ta waya, waɗansu kuma suka buɗe shafi a intanet ko Facebook inda su ke baje haja.

A kan ji mai kanti ya ce, shi me ya tara da za a yi masa kutse? To, mai kutse ba ya zaɓen mutum. Manhaja ya ke saki, ta bi dubban shafuka dare da rana tana taɓa ƙofofi, wadda ta iske a sake ta faɗa. Banki yana da ma'aikatan tsaro. Ƙaramin kanti kuwa, wani saurayi ne ya gina masa shafi, aka sallame shi, ba wanda ya ƙara dubawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ɓarawon ke nema, watau sunan mai kantin ne, gama mutane sun yarda da shi. In ya shiga sai ya canja lambar asusun da ke shafin, ko ya aika wa abokan ciniki saƙo da sunan maigidan, su biya kuɗin buhun masara, kuɗin su tafi wani wuri. Asarar kuɗi ta kan warke, amma wanke suna a kasuwa aiki ne. Wani lokaci ma ƙaramin tsani ne kurum. A 2013 aka sace bayanin katunan banki wajen miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, ta hannun wani ƙaramin kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki aka shiga.

Maganin ba shi da tsada, naci ya ke so. A riƙa sabunta manhaja da zarar gyara ya fito. Cutar kwamfuta ta WannaCry da ta tsai da aikin asibitoci a Ingila cikin Mayu 2017, Microsoft ya fitar da maganinta tun Maris, sakaci ne ya hana sawa. Kalmar sirri ta zama doguwa, ban da shekarar haihuwa, a haɗa da mukulli na biyu, watau lambar da a ke aikowa ta waya, kada kuwa a faɗa wa kowa ita. Yaron kanti in ya bar aiki, a canja kalmar ran nan.

Malamai da akawuna, ku a ke kawo wa waya ku duba. Wanda aka yi wa kutse, ku ce ya fara sanar da bankinsa a rufe asusu, ya gargaɗi abokan cinikinsa, sa'an nan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci.