Kafin a Haƙa Rijiyar Mai a Ƙasar Kabi, Wa Zai Ja Layi?

Duk lokacin da aka ambaci Kwarin Sakkwato cikin yankunan da kamfanin NNPC ke neman mai, sai na ji manoman shinkafa a fadamar Augie suna lissafin abin da zai shiga aljihunsu. Ni malamin harshe ne, aikina bin diddigin kalmomi, kuma a nan ma kalma ce za ta raba gardama.

A Amurka mai gona na iya mallakar abin da ke ƙarƙashinta. Hukuma kan haɗa gonaki ta mai da su fili guda na rijiya ɗaya, sau da yawa eka 640 ga rijiyar gas. Kason masu ƙasa bisa al'ada ɗaya ne cikin takwas, ana raba shi gwargwadon faɗin gonar kowa. Mai eka 40 ke nan zai sami ɗaya cikin 128 na abin da aka sayar. Da filin eka 160 ne, da ya sami ɗaya cikin 32, amma maƙwabtansa da dama sun tashi a tutar babu. Layin da aka ja a taswira shi ne kuɗin.

A nan gida kuwa, sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar a hannun gwamna. Manomin Augie diyyar amfanin gona da gine-gine kawai zai karɓa. Abin da ya rage shi ne kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani, wanda Dokar Man Fetur ta 2021 ta ware wa "al'ummomi masu masaukin baƙi".

To su wane ne masu masaukin? Ƙauyen da aka kafa rijiya? Ko har da masunta da manoman da ke gangaren Gulbin Rima zuwa Argungu da Birnin Kebbi, waɗanda gurɓataccen ruwa zai fara iskewa? Dokar ta bar wa kamfani babban hannu wajen tantancewa. A faɗaɗa, kason ya tsinke. A ƙuntata, rigima ta tashi. Mun ga yadda Bauchi da Gombe suka yi ta ja-in-ja kan Kolmani, inda aka ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022.

Ina kira ga Masarautar Argungu da Majalisar Dokokin Jihar Kebbi su nemi a fassara wannan sashe da Hausa, a karanta wa hakimai da manoma, tun injin haƙa bai iso ba.