Zanen Kwamfuta Lissafi Ne: Kada 'Ya'yanmu Mata Su Guji Ajin Kimiyya

Maganarmu ta wannan mako ta shafi uwa da ɗiyarta baki ɗaya, musamman ku na Horo Birni da Shagari da Boɗinga da ƙauyukan da ke kewaye. Idan yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare akan tambaye ta, ajin kimiyya za ki ko na adabi? Sau da yawa sai ta zaɓi inda ta ji an ce lissafi ba ya da zurfi, uwa kuma ta ce ai ba kome, mace ce. To, wannan amsa ta minti ɗaya tana rufe wa yarinya ƙofofi da dama. Ɗaya daga cikinsu muke so ku leƙa yau, watau ilmin zane da kwamfuta wanda ake koyarwa a jami'a.

Da fari dai mu raba abu biyu da ake yawan gamawa. A Sakkwato akwai shaguna inda yarinya za ta yi 'yan watanni ta koyi aiki da CorelDraw ko Photoshop, ta riƙa tsara katin biki da kalanda da sitika. Wannan sana'a ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Amma wadda ta koye ta kamar tela ce da ta iya taka keke. Ita kuwa ɗalibar jami'a ana koya mata yadda ake ƙera keken ne, watau yadda za ta rubuta wa kwamfuta umurni, layi bayan layi, har hoto ya fito a allo.

Ke uwa, kada sunan ya ba ki tsoro. Ɗauki wayar da ke hannunki ki duba. Hoton da kike gani ɗigo-ɗigo ne ƙanana, an jera su sahu-sahu kamar zaren saƙa, ana ce wa kowane ɗigo piksel. Allon da ke da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo kuma launinsa gamin ja da kore da shuɗi ne, kowane ɗayansu da ma'auni daga 0 zuwa 255, abin da ke ba da launi fiye da miliyan 16. Kwamfuta ba ta san fure ba, ba ta san fuska ba. Abin da ta sani shi ne ɗigo na kaza a sahu na kaza, launinsa kaza. Yanzu ki tuna da mai ɗinkin hula, yadda take ƙidaya gida uku ta soka allura, ta tsallake biyu, ta sāke zare. Ashe ba aikin ke nan ba?

Ga yadda darasin yake tafiya. A ce akwai ɗigo a gida na 3 daga hagu, sahu na 2 daga sama. In ana so ya matsa dama da gida biyar, sai a ƙara 5 a kan 3, ya koma gida na 8. In aka yi wa dukan ɗigon hoto haka, hoton ya gusa ke nan. In ana so ya ninka girma, sai a ninka lambobin da 2. In ana so ya juya, nan ne ake bukatar lissafin kusurwa da ake koyarwa a babbar sakandare, wanda 'yan mata da yawa ke cewa ba su ga ranarsa ba. Dubi adon faifai: a zana reshe ɗaya, a ce wa kwamfuta ta maimaita shi sau 12, kowane karo ta juya digiri 30. Sau 12 na 30 ya ba da 360, da'ira ta cika, ado ya fito.

Ko miƙaƙƙen layi ma sai da aka yi masa dabara, domin in layi ya karkata ba ya faɗawa daidai a kan gidajen ɗigo, dole a zaɓi wanda ya fi kusa. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Jack Bresenham, shi ya fito da hanyar yin haka cikin sauƙin lissafi a 1962, har yau kuwa ana koya wa ɗalibai ita. Daga nan sai a shiga siffofi masu tudu da kwari, irin su tulu ko kan mutum, waɗanda ake ginawa da dubban ƙananan alwatika, a lissafa inda haske ya faɗa da inda inuwa take. Da irin wannan ilmi aka yi fim ɗin Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka zana shi duka da kwamfuta.

Wadda ta ce wannan fage na maza ne ba ta san tarihinsa ba. A 1804 wani Bafaranshe, Jacquard, ya ƙera masaƙa mai karanta adon zane daga katuna masu huji. Wannan dabara ta katuna ita Charles Babbage na Ingila ya ɗauka don injin lissafin da ya tsara, kuma mace ce, Ada Lovelace, ta rubuta bayanin yadda za a ba injin umurni a 1843. Haka nan 'yan hotunan nan da suka fito a allon kwamfutar Macintosh a 1984, wata mata ce, Susan Kare, ta zana su. A takarda mai gida-gida ta fara, tana cike gida tana barin gida, aikin da ya yi mata kama da ɗinkin ƙidayar zare da ta koya wurin mahaifiyarta.

To, ina hanya? Ba nisa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975 da Jami'ar Jihar Sakkwato duka suna ba da digirin kimiyyar kwamfuta, karatun shekara huɗu. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, sa'an nan a ci jarrabawar JAMB, wadda ita kanta tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Shekarar farko yawanci lissafi ne da kimiyya. Daga baya a koyi harsunan ba da umurni irin su Python da Java da C++, darasin zane kuwa sai an yi nisa ake kai gare shi. Kin ga ke nan, wadda ta guji fiziks tana 'yar shekara goma sha biyar ta yanke wa kanta hanya tun ba ta san akwai ta ba.

Ba mu ce babu wahala ba. Kwamfuta tana da tsada, wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma wannan ilmi ba ya zama da haddar takarda, sai hannu ya taɓa. Wata rana ɗaliba za ta kwana tana neman waƙafi ɗaya da ta manta, wanda ya hana hoto fitowa. Amma fa harsashinsa ba ya bukatar wuta. Littafin lissafi mai gida-gida da fensir sun isa a fara. Amfaninsa kuma a fili yake: hoton cikin jiki da likita ke dubawa a asibiti, da taswirar gonaki da rijiyoyi, da tsarin gini, da zanen atamfa, da majigin yara. 'Ya'yanmu suna kallon majigin wasu ƙasashe dare da rana. Wa zai zana musu nasu da Hausa, da tufafinmu da tarbiyyarmu, in ba 'ya'yanmu ba?

Sabo da haka ga roƙonmu. Ke uwa, ranar da ɗiyarki ta zo da zancen zaɓen aji, kada ki bar ta ita kaɗai. Je ki ga malamin lissafinta, ko ki roƙi maigida ya je, a ji ƙoƙarinta. In tana da kai, a ƙarfafa mata. Rage mata talla da aikin gida a lokacin jarrabawa. In maganar aure ta taso, a sa sharaɗin ci gaba da karatu tun wurin baiko, a gaban waliyyai, kada a bari sai an kai ta ɗaki. Kuɗin adashin da ake tarawa don jeren kwanoni, a yi tunani ko wani kaso nasa zai sayi kwamfuta ko da ta hannu ce.

Ke kuma 'yar makaranta, daina zama a bayan aji ranar lissafi. Abin da ba ki gane ba ki tambaya, ba a jin kunyar neman sani. Yau ɗin nan ki sami takarda mai gida-gida, ki kwafi adon hular babanki gida-gida, ki rubuta lambar kowane gida da launinsa, ki ba ƙawarki lambobin kawai ki ga ko za ta fitar da adon. In ta fitar, to kin rubuta umurninki na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya ba iyaye ikon tsaya musu, amin. Sai mako mai zuwa.