Martani Ga Mai Cewa Yaran Argungu Ba Sa Son Kimiyya

Malam, na karanta rubutunka, wai kamun kifi ya ɗauke wa yaran Argungu hankali daga kimiyya. Haba! Yaron da ke bakin kogin Matan Fada yana tambayar abin da ke tara giwan ruwa a gurbi idan ruwa ya janye, ai ya riga ya kama hanya. Haka ɗan manomin fadama mai lura da irin shinkafar da ke jure ambaliya. Aji ne ke kashe musu gwiwa: babu malamin lissafi, balle kayan gwaji. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero tana nan tun 2006, amma wanda ya faɗi lissafi a WAEC ba zai shiga ba. Makaranta nawa ka leƙa kafin ka yanke musu hukunci?