Hattara da waƙafi cikin lissafin na'ura

Duk lokacin da ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ya cika takarda a shafin intanet, ya danna domin ta tafi, akwai wani aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke yi a ɓoye. Farashin kaya, yawan buhuna ko sunayen ma'aikata suna zaune cikinta a jere, ɗaya bayan ɗaya. Wannan jeri ba ya tafiya haka nan, sai an maida shi rubutu zalla, kamar yadda ake ɗaure kaya kafin a aza su bisa mota.

Harshen da ke wannan aiki cikin Firefox ko Chrome shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a 1995. Tsarin ɗaurin kuwa sunansa JSON. Wani Ba'amurke, Douglas Crockford, shi ya yaɗa shi a farkon shekarun 2000, kuma a 2009 aka shigar da umurnin JSON.stringify cikin ƙa'idodin harshen. Dokarsa ba ta da wuya: a buɗe baka, a jera abubuwa, waƙafi na raba tsakaninsu, a rufe. Farashi uku sai su koma [500,750,1000].

To, a nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya yi lakwal da Faransanci ya saba rubuta tan goma sha biyu da rabi haka: 12,5, yana kuma barin fili cikin 1 500. Amma ga JSON, ɗigo ne ke nuna rabi, waƙafi kuwa iyaka ce tsakanin abu biyu, saboda haka [12,5] lambobi biyu ne, 12 da 5. Idan mai tsara shafin bai yi tanadi ba, umurnin parseFloat zai karanta 12,5 a matsayin 12, ya karanta 1 500 a matsayin 1. Umurnin Number kuwa cewa zai yi ba lambobi ba ne, sa'an nan wurin ɗauri a rubuta null, wato babu kome, ba tare da na'ura ta ce uffan ba. Kuɗin sefa dubu da ɗari biyar sun ɓace ke nan daga littafi.

Kwanan wata ma yana da nasa tarko. Agogon Nijar yana gaban agogon duniya na Girinwic da awa ɗaya, alhali JSON.stringify da na Girinwic yake rubuta lokaci. Takardar da aka yi wa rajista a Maraɗi da sha biyun dare daidai, shigowar 1 ga Janairu 2025, za ta fita da 31 ga Disamba 2024, ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Idan biron da ya karɓa ranar kaɗai ya duba, kuɗin sabuwar shekara sun faɗa cikin kasafin tsohuwa.

Maganin ba ya buƙatar digiri. Kafin shugaban ma'aikata ko mai kanti ya sa hannu ya karɓi aiki daga mai tsara shafi, ya kamata ya zauna da kansa ya rubuta 12,5 da 1 500 da ranar farko ta shekara, ya aika, ya nemi a nuna masa abin da ya isa ɗaya ɓangaren. Idan sun yi daidai, madalla. Idan sun saɓa, a gyara tun ba a biya ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.