Kada Mu Ƙosa da Katangar Magina a Masallatanmu na Tarihi

Ba yau muka fara jin matafiyi ya dawo yana ƙorafin cewa ya yi doguwar tafiya don ganin wani tsohon masallaci, sai ya tarar an zagaye shi da kwano, magina na hawa da sauka a kan katakai da ƙarafuna. Alhazanmu ma sun sha irin wannan a Harami, a shekarun da ake faɗaɗa filin ɗawafi. Mun fahimci ɓacin ran, amma muna ganin wannan katanga abin godiya ce, domin alama ce ta cewa ginin yana da masu kula da shi.

Abin da ya faru a Zariya ya ishe mu darasi. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na babban masallacin Zazzau ya rufta kan jama'a suna sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Masallacin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a wajajen 1830, kuma bakan gizonsa abin alfahari ne ga ƙasar Hausa. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an lura da tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi ke nan ajali ya sauka. Allah Ya jiƙan su. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke mana nauyin riƙo da sababi ba.

Magabata sun san cewa ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon kimanin mita 27, an bar sandunan itace a jikinta don magina su taka duk lokacin gyara. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari kan fito kowace shekara su yaɓe masallacinsu. Ita kanta Ka'aba, Ƙuraishawa sun sake gina ta shekara biyar kafin aiko Annabi (SAW), kuma shi ya raba gardamar ɗora Hajarul Aswad. An sake gina ta a 1630 bayan ambaliya.

To, mu a Zamfara fa? 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta kasance cibiyar malamai tun kafin jihadi, amma ɗalibai nawa ne a yau suka san kufanta? A tsofaffin unguwannin Gusau, da Bunguɗu, da Kwatarkwashi, sau nawa ake hawa rufin masallatai da makarantun allo a duba azara kafin damina?

Muna kira ga masarautu da kwamitocin masallatai su mayar da duba gini al'adar kowace bazara, su ware masa kaso daga kuɗin asusu. In an ga tsagewa, a rufe wurin nan take, a yi salla a fili; ran mumini ya fi kowane gini daraja. In za a gyara, a haɗa injiniya da maginin gargajiya, kada a rushe tarihi don kawai siminti ya samu. Malaman Islamiyya kuma su kai ɗalibai su gani, su rubuta abin da dattawa suka sani tun suna raye. Raya masallaci, wanda Suratut Tauba ta danganta da imani, ya haɗa da sallar cikinsa da kuma lafiyar bangonsa.